Ruwan Tsamin Iya Maimouna

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Titirou da sassafe ya san Gwaggo Zinatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zaune a gindin darbejiya da ƙatuwar tukunyar koko lulluɓe da tsumma, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, sun jingine baburansu sun kewaye ta, kowa da kofinsa yana hura. Ƙanwar babana ce, kuma a hannunta na tashi. Ina ƙarama babana Idrisu ya ba ta ni riƙo, don 'ya'yanta da ke raye duk maza ne, ba ta da mai taya ta tace gasara. Sunana Kausar, amma tunda na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a nan Parakou, Gwaggo ta daina kirana da sunana. Lokotoro take ce mini, wato likita, ko da a gaban baƙi ne, kuma ba don girmamawa ba.

Kokonta ya yi suna. Akwai direbobin manyan motoci da ke ratsowa unguwar takanas saboda shi, akwai 'yan kasuwar Arzèkè da ba sa buɗe rumfa sai sun aiko an sayo musu. Mutum guda ne kawai a garin nan ya raina kokon Gwaggo Zinatu, wato Gwaggo Zinatu. Tun ina yarinya nake ganin ta kan ɗibi ludayi guda kafin ta sayar wa kowa, ta kurɓa, ta juya shi a baki, sannan ta yamutsa fuska ta ajiye ludayin. Idan wani ya yaba, sai ta ce, "Allah sarki. Ba ka taɓa shan koko ba, shi ya sa." Mutane suna ɗauka wasa take yi, ni kuwa da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san ba wasa ba ne. Akwai wani ɗanɗano da ta rasa, na kokon mahaifiyarta, kuma rabin rayuwarta ta yi shi ne tana neman sa.

A Djougou aka haife ta, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu. Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Mahaifiyarsu ita da babana, Maimouna, wadda kowa ke kira Iya, koko take yi a ƙofar gida. Ban riske ta ba, amma na ji labarinta har na gaji: gajeriya ce, mai faɗa, mai kyauta, kuma tana da wata baƙar randa a lungun madafa da ba wanda ya isa ya taɓa. Ga wanda bai san yadda ake koko ba, gero ake jiƙawa, a niƙa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya kwanta. Gasara ta zauna a ƙasa, ruwa ya taso sama ya yi tsami. Iya ba ta taɓa ƙarar da wannan ruwan tsamin ba. Kullum sai ta rage wani a randar ta zuba sabon ƙullu a kai, na jiya ya tayar da na yau. Ita ma haka ta karɓa daga uwarta. A gidanmu ba a sayar da ruwan tsami, bayarwa ake yi, kuma idan yarinya za ta tafi ɗakin miji, uwa kan cika mata 'yar tukunya da shi a haɗa cikin kayanta.

Haka Gwaggo ta zo Parakou, amaryar wani direba mai suna Moumouni, da 'yar tukunyarta. Ta kafa sana'a a Titirou tun unguwar tana da gonaki a bayanta. Ta ce a wancan zamanin in ta buɗe tukunya da asuba, ƙamshin kan sa ta ji kamar Iya ce ke tsaye a bayanta tana shirin yi mata faɗa. Ta haifi maza biyu, sannan ta samu mace, aka sa mata Soumaya.

Soumaya ba ta isa shiga makaranta ba lokacin da amai da gudawa ya shigo unguwar. Damina ce mai ruwa da yawa, masai suka cika suka yi ambaliya, ruwan ya gangara rijiyoyi. Yarinyar ta tashi lafiya tana wasa a gindin tukunyar uwarta, kafin la'asar idanunta sun faɗa, fatar cikinta in an ja ba ta komawa. Baba Moumouni yana kan hanyar Malanville da kaya. Gwaggo ta goya ta zuwa asibiti, amma ruwan jikinta ya riga ya ƙare. Wannan ɓangaren Gwaggo ba ta ba da shi da bakinta, daga wajen babana na ji.

Bayan haka ma'aikatan lafiya suka bi gida gida suna raba jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, suna bayani cewa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke kawo ciwon, kuma suna ɓuya a ruwa da kwanuka da duk abin da aka bari ya kwana. Gaskiya suka faɗa, kuma sun ceci rayuka da dama. Amma ka yi tunanin mace da ta binne ɗiyarta, aka ce mata abin da ya kwana shi ne maƙiyi, alhali a madafarta akwai ruwan da ya kwana tun zamanin kakarta. Ga kuma matan unguwa da ba sa rasa abin faɗa, wata ta ce ai abincin bakin titi ne ke jawo wannan. Gwaggo ta ɗauki tukunyar ta tuttular da ruwan tsamin a kwata. Ta cika ta da jabel, ta dirje ta da soson ƙarfe har hannunta ya ɗaye, ta kife ta a rana. Ta daina koko gaba ɗaya.

Ba ta gaya wa Iya ba. Da ta je Djougou bayan rasuwar, Iya ta tambaye ta tukunya, ta ce tana nan. Ina za ta iya kallon idon tsohuwar ta ce ta zubar, kuma ta ce dalili? A cikin shekarun da ta yi ba ta sana'a Iya ta kwanta ciwo, ta rasu, aka raba gado aka sayar da gidan. Randar ma ba wanda ya san inda ta shiga.

Da Baba Moumouni ya daina tuƙi saboda idonsa, dole ta koma gindin darbejiya. Ta jiƙa gero, ta niƙa, ta tace, ta bar shi, ya yi tsami da kansa kamar yadda kowane ƙullu ke yi. Ta dama ta kurɓa, ta ji wani abu daban. Ta sauya gero, ta sayi na Nijar, ta sayi na ƙauye. Ta sauya mai niƙa har sau nawa, kowanne ta rabu da shi da faɗa. Ta daina amfani da ruwan famfo ta koma na rijiya tana tafasawa, ta ƙara kanumfari, ta rage citta. A ƙarshe ta yanke wa kanta hukunci cewa harshenta ne ya mutu tare da Soumaya. Da wannan na same ta, da shi kuma na girma.

Wata ranar Asabar, bayan na daɗe da fara aiki, muna tace ƙullu ina ba ta labarin asibiti, sai na ce mata tsamin nan da take gani ai aikin bakteriya ne. Ta tsaya da abin tata a hannu.

"Mikrob?" ta ce. "A cikin kokona? Lokotoro, ki kiyaye ni."

"Gwaggo, ba duka ne mugaye ba. A cikinki ma yanzu haka akwai su fiye da yawan mutanen duniya, su ke taya ki narkar da tuwon da kika ci jiya."

"A cikin ubanki dai," ta ce. Ubana wanta ne, don haka zagin bai yi nisa da gida ba.

Na ƙyale ta. Amma da Litinin ina zaune a wajen aiki sai ga ta da mayafinta na zuwa biki, riƙe da kwalbar ruwan tsami, tana gaida kowa har mai shara. Ta ce ta zo a nuna mata ƙaryar da nake yi. Na ɗiga ɗigo guda a kan gilashi, na busar, na rina shi da launi, na sa a ƙarƙashin madubin likita. Sai da ta sha wahala kafin ta iya rufe ido ɗaya, ta yi ta cewa duhu kawai take gani. Can sai ta ce:

"Waɗannan 'yan sandunan?"

"Su ne."

"La ilaha illallahu. Kamar an watsa tsinken ashana."

Na yi mata bayani gwargwadon yadda zan iya. Na ce kowane ɗaya halitta ce mai rai, jikinta duka ɗaki guda ne, ba kai ba ƙafa. Suna cin zaƙin da ke cikin gero su fitar da tsami. Iri-iri ne kamar yadda mutane suke ƙabila-ƙabila, kowane gida da nasa taron, shi ya sa kokon wannan mata ba ya zama ɗaya da na waccan ko da a buhu ɗaya suka auni gero. Wanda ya kawo ciwon da ya ɗauki Soumaya kuwa wani ne daban, lanƙwasasshe, mai wutsiya, a gurɓataccen ruwa yake tafiya. In ya shiga hanji sai ya saki dafin da ke sa jiki ya yi ta zubar da ruwansa. Na ce mata wannan ba ya jure tsami, ba ya jure tafasa, koko kuwa ga tsami ga wuta. Na faɗi wannan a hankali, ina kallon ta, don na san abin da ke ƙasan zuciyarta ko da ba ta taɓa furtawa ba.

Ta sauke numfashi ta gyara mayafi. Sai ta sake leƙa madubin ta ce, "To su wa ke haifar su?"

"Ba a haifar su. Ɗaya ne ke girma ya rabu biyu, biyun su rabu huɗu. In suka samu abinci da ɗumi, kafin ki gama wanke-wanke sun ninka."

"To wacce ce uwar, wacce ce ɗiyar?"

"Babu. Ita ce dai ta zama biyu."

Ta ɗago kai ta dube ni. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu.

"Kenan na cikin randar Iya, su ne na cikin tukunyata."

"Su ne, Gwaggo. Zuriyarsu ce ba yankewa."

"Waɗanda ta ciyar da hannunta."

Na ce eh. Ta zauna a kan kujerar masu jiran sakamako, ta ɗora hannu biyu a gwiwa. Ta ce, "Ni na ɗauka ruwa na zubar. Ashe masu rai ne." Na ji tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na shiga wanke gilashin da ba ya buƙatar wanki.

Tun daga ranar Gwaggo ta samu aiki. Da can kewa ce kawai ba ta san ta me ba, yanzu ta san abin da ya ɓata yana da rai, abin da ke da rai kuwa yana iya kasancewa a wani wuri. Ta shiga lissafa duk wadda Iya ta taɓa ba ruwan tsami. Yayarsu ta rasu. Ƙanwarsu da ke Yamai ta ce ita rabonta da koko tun kafin ta yi jika, yanzu atamfa take sayarwa. Wata maƙwabciyarsu ta dā ta koma Kumasi, aka nemo lambarta da ƙyar, ta ce tukunyar ta fashe tun a hanya. Kowace waya aka gama, Gwaggo kan yi tsaki ta ce matan yanzu ba su san darajar komai ba, ta manta cewa duk sa'o'inta ne. Ni kuma na zama mai sayen katin waya ba tare da an tambayi ra'ayina ba.

Babana ne ya tuno da Kadidjatou. Ya ce akwai wata mata daga ƙauyen Sérou da ke kawo wa Iya itace da gero a kai ranar kasuwa, har suka shaƙu, Iya ta koya mata koko ta ba ta ruwan tsami. Bai san ko tana raye ba. Gwaggo ba ta jira a bincika ba, ta sa ni na nemi hutu a wajen aiki.

Muka hau tasi zuwa Djougou, mu huɗu a baya da buhun doyar wani a kan ƙafafunmu. A hanya na yi ƙoƙarin rage mata buri. Na ce ko da matar tana nan, ko da ba ta taɓa yanke ruwan ba, shekaru sun yi yawa. Gero daban, rijiya daban, hannu daban, wasu ƙwayoyin kan shigo su rinjayi na dā. Mai yiwuwa mu tarar da abin da ba shi ba ne.

"Bon," ta ce, "kin gama? Matsa mini, kin danne mini mayafi."

Daga Djougou muka ɗauki zemijan biyu. Jar hanya ce, ruwa ya zaizaye gefenta, ga gonakin doya da itatuwan kaɗanya hagu da dama. Gwaggo da ke tsoron babur ko a cikin gari, ranar ita ke ce wa yaron ya ƙara wuta. Muka yi tambaya a ƙauye biyu kafin wani mai faci ya nuna mana gidan.

Kadidjatou tana raye. Mun same ta zaune a kan tabarma a inuwar mangwaro, ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi fari. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe ta da harshen Dendi, ta faɗi ko ita wace ce. Tsohuwar ta miƙo hannu ta shafa fuskarta, daga goshi har haɓa, sai ta juya zuwa Hausa irin tata ta kasuwa.

"Zinatu doguwa. Ɗiyar Iya. Kin yi furfura?"

"Na yi, Inna."

"To madalla, ba ni kaɗai ba."

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa, rayayye da matacce. Gwaggo tana amsawa amma idonta yana kan madafa. Da ta kasa haƙuri sai ta tambaya. Tsohuwar ta yi dariya ta ƙwala wa surukarta kira, wata mata mai suna Bilkissou, wadda yanzu ita ke yin kokon tana kaiwa bakin makaranta. Tsohuwar ta ce ruwan Iya bai taɓa yankewa a gidan nan ba, ko ranar da aka binne mai gidan sai da ta sa aka zuba masa ƙullu. Bilkissou ta ce na safe ya ƙare, amma akwai gasara, bari ta hura wuta.

Muka zauna muna jira. Da aka kawo ƙwaryar ta karɓa da hannu biyu, ba ta ko hura ba, ta kurɓa. Ta sake kurɓa, sai hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ta bar su suna sauka har cikin ƙwaryar.

"Shi ne?" na tambaya.

Ta miƙo mini. Na sha. Zan faɗi gaskiya, ni koko na ji, mai daɗi, tsaminsa ya fi namu laushi, akwai wani ɗan ƙamshi a ƙarshensa kamar na nono. Ko shi ne ko ba shi ba ne, ba ni da abin aunawa, ba a haife ni ba lokacin da aka zubar da na farkon. Duk madubin da ke wajen aikinmu ba zai iya raba wannan gardama ba. Amma Gwaggo ta ce, "Iya ce," kuma ban ga dalilin yi mata musu ba.

Da ta natsu ta gaya wa tsohuwar komai, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa da bakinta ba: Soumaya, jabel, kwata, da amsar da ta ba Iya. Kadidjatou ta saurara tana gyaɗa kai. Na ga kamar tana auna ko ta faɗa ko ta bari. Tsofaffi kuwa in sun auna, yawanci faɗa suke yi.

"Ashe shi ya sa," ta ce. "Kin san lokacin da ciwo ya kwantar da Iya, ba mai kula da randar. Ruwan ya mutu, ya yi yauƙi ya yi wari, aka zubar. Da ta ɗan ji sauƙi ta ce tana marmarin koko. Na cika kwalba daga nawa na kai mata har ɗaki. Kin san al'ada, in na uwa ya mutu, wadda ta ba ita ke mayar mata."

"Na sani," Gwaggo ta ce.

"Ta ƙi karɓa. Ta ce, Kadidjatou, na gode, mayar da abinki. Nawa yana Parakou wajen Zinatu. Yarinyar tana cikin baƙin ciki ne, kada a takura mata. In ta warware za ta kawo mini da kanta, a hannunta nake so in karɓa."

Gwaggo ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

"Ta aiko a gaya mini?"

"Ta hana. Ta ce ba a yi wa mai makoki aike."

"Ta sha kokon wani kafin ta rasu?"

"Ba ta sha ba. Kunu dai muke ba ta."

Bilkissou ta tashi ta shige madafa, ni ma na ji kamar in bi ta. Na ji haushin tsohuwar a lokacin, na ce a raina me ya kai ta, mace ta zo daga nesa ta samu abin da take nema, a bar ta da farin cikinta mana. Daga baya na gane Gwaggo ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Ta yi ta tambaya: a wane ɗaki Iya ta kwanta, wane zane ta ɗaura, ta rame sosai, ta ambaci Soumaya? Duk abin da aka ba ta karɓa take yi, mai daɗi da mai ɗaci, don ba ta da sauran wanda zai ba ta labarin uwarta.

Da za mu tafi Bilkissou ta cika mana babbar kwalba. Gwaggo ta kwance bakin zane za ta ba da wani abu, tsohuwar ta ji motsin ta daka mata tsawa, ta ce ko ta manta gidan da ta fito. Atamfar da muka kawo ce kawai ta karɓa, ita ma sai da aka ce tsaraba ce.

Abin da ya iso Parakou daga cikin kwalbar nan ya rayu, yana nan a madafarmu har yau. Gwaggo ta ce ya ɗan juya, kamar yadda na faɗa mata a mota, ko da yake ba ta taɓa yarda cewa ni na faɗa ba. Amma rabin kwalba ne ya iso, kuma ga yadda aka yi.

Da muka dawo Djougou na ce wa masu babur su kai mu tasha. Gwaggo ta ce a'a, ta faɗi sunan wata unguwa. Muka shiga lunguna, ta yi ta nuna hanya da hannu, har muka tsaya a ƙofar wani gida mai shuɗin ƙyaure. Rabonta da shi tun da aka sayar. An yi masa siminti, inda Iya ke zama da tukunya an gina shagon cajin waya. Ta yi sallama, wata matashiya da goyo ta fito, baƙuwa ce, ba ta san mu ba, ba ta ma san an taɓa yin wata Iya a gidan ba.

"Ɗiyata, a gidan nan aka haife ni," Gwaggo ta ce. "Kina yin koko?"

Matar ta dube ta, ta dube ni. "A'a, Mama. Mu shayi muke sha da burodi."

Gwaggo ta tsaya riƙe da kwalbar a ƙirji. Ban san abin da matar ta gani a fuskarta ba, amma ta koma ciki ta fito da wata robar wanke shinkafa. Gwaggo ta nemi izini ta shiga har madafa. Ta duba lungun da ke hannun dama, inda yanzu aka ajiye tukunyar gas, ta sa aka matsar da ita kaɗan. Ta ajiye robar a wurin, ta durƙusa, ta tsiyaya rabin ruwan tsamin a ciki ba tare da ɗigo ya zuba ƙasa ba. Sannan ta shiga yi wa matar bayani dalla-dalla: yadda za ta jiƙa gero, yadda za ta tace, kada ta bar shi da yunwa, kada ta sa masa sabulu, ta rufe shi amma kada ta toshe. Matar tana ta cewa "To, Mama, to," tana jijjiga goyonta, idonta yana kan ƙofa.

Da muka fito na kasa yin shiru, halina ne.

"Gwaggo, kin san kafin mu kai tasha ta zubar da shi."

"Na sani, Kausar," ta ce. Ta ɗaure bakin kwalbar da kyau, ta juya ta sake kallon ƙyauren. "Amma dai na kawo wa Iya."